Murgun Manu Mai Faci

Duk direban da ya saba hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san rumfar Manu mai faci. Tana nan a Magama ta Jibiya, kafin a kai shingen iyaka, inda tsofaffin tayoyi suke jibge a gindin wata bishiyar bedi. Manu dogo ne siriri, gemunsa ya yi fari, kuma ba mai yawan magana ba ne. In ka kawo masa taya, sai ya tsoma robar ciki a rabin duron ruwa, ya zuba ido yana jiran inda kumfa za ta ɓullo. Kana iya zama har ya gama bai ce maka komai ba, sai "sannu da hanya" da "Allah ya kiyaye".

Ya zo Jibiya ne a shekarar babbar yunwa ta tamanin da huɗu, yana saurayi, da ƙafa, daga can arewa da Dakoro. Ba shi da komai sai sanda da gora. Ya yi dako a kasuwa, ya yi ga-ruwa, har wani tsoho mai faci ya ga natsuwarsa ya jawo shi rumfa. Tsohon ne ya koya masa aiki, shi ne kuma ya zama waliyyinsa lokacin da ya nemi auren Zulfa, 'yar wani manomi a Bugaje. Da iyayenta suka tambayi danginsa, ya ce suna nesa, kuma yunwa ta watsa su. A wancan lokaci ba abin mamaki ba ne, don garin cike yake da irinsa. Allah ya ba su Ummusalma, sannan maza biyu. Manu bai taɓa shiga aji ba, amma ya tsaya kai da fata sai da Ummusalma ta gama karatun ungozoma ta kama aiki.

Abu ɗaya ne Zulfa ba ta taɓa gane kansa ba a zamansu. Kowace shekara in kaka ta yi, Manu zai sayi rago da gero da sukari da ganyen shayi da turmin shadda, ya ɗora a mota, ya tsallaka. Ya ce zai je gaida mutanen gida. Bai taɓa tafiya da ita ba, bai taɓa tafiya da yaran ba. In ta matsa, sai ya ce hanyar ba kyau, garin kuma ba ruwa. Yakan dawo ya rame, ya ƙara shiru a kan wanda yake da shi. Ita dai ta ɗauka dangi ne matalauta da yake jin kunyar ta gani, don haka takan ƙulla masa daddawa da kuka ta ce a gaishe su. Ko shekarar da 'yan bindiga suka hana iyayenta noma, gidan ya cika da baƙi, tuwo ba ya isa, sai da ragon nan ya tafi.

Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar, tafiyar ba ta yiwu ba. Da aka buɗe kuma, hawan jini ya kwantar da shi, Ummusalma ta ce ba inda zai je. Kaka biyu suka wuce bai tsallaka ba. Zulfa ta lura duk sanda mota mai lambar Nijar ta tsaya a gaban rumfa, sai ya miƙe tsaye ya leƙa cikinta kafin ya dubi tayar.

A wannan tsakani ne rigimar haraji ta kama tashar. Rediyo kullum maganar sabuwar dokar haraji yake yi, ba wanda ya san takamaiman abin da ke cikinta, amma kowa ya san abin da ke fita daga aljihunsa. Ga tikitin tasha, ga na kasuwa, ga na lodi, ga shingaye a hanya, sai kuma aka kawo wasu sababbin masu riguna iri ɗaya suna yankar wani tikitin da ba a taɓa jin sunansa ba. Lawal, shugaban direbobin tashar, mutum ne mai murya da saurin fushi, amma mai kirki. Shi ya fara cewa an mai da su bayi, su yi wahala wasu su ci.

A rumfar mai shayi da ke kusa da ta Manu ake tafka muhawarar kullum da la'asar. Can Malam Shafi'u yake zama, tsohon malamin tarihi ɗan Mazanya da rashin tsaro ya koro shi cikin gari. Wata rana da Lawal ya sake ambaton bauta, sai Malam Shafi'u ya ce maganar tana da kama da wani abu na da. Ya ce a zamanin bayi, in bawa yana son ya fita ya yi sana'ar kansa, sai ubangijinsa ya yanka masa abin da zai riƙa kawowa a kai a kai, kuma shi ake kira murgu. Ya ce lokacin da Turawa suka zo suka hana cinikin bayi, an daɗe ana jayayya. Masu gandaye suka ce in bayi suka watse wa zai yi noma, ƙasa za ta mutu. Wasu suka ce to a biya su diyya. Wasu suka ce a bi sannu, a bar na hannu su tsufa a haka, 'ya'yansu su tashi 'yantattu. Aka yi ta kai da kawowa a gaban alƙalai a kan nawa mutum zai biya ya fanshi kansa. Su kuma Turawan da suka ce ba sauran bawa, sai suka ɗora haraji a kan kowane baligi.

Lawal ya cafke kalmar kamar an ba shi kyauta. Kafin mako ya zagayo an rubuta MURGU da jan fenti a bayan motoci, an rubuta a ƙyalle an rataye a ƙofar tasha. Malam Shafi'u ya yi ƙoƙarin ja masa birki. Ya ce kama ya ce, bai ce ɗaya ba ne, domin mai biyan haraji yana iya tashi ya bar gari, yana da ƙuri'a, kuma ba a gadon ɗansa. Lawal ya tambaye shi wace ƙuri'ar, kuma wane gari zai koma da ba a yankar tikiti. Masu goyon bayan harajin suka ce in ba a biya ba da me za a yi titi, da me za a biya malaman asibiti. Lawal ya ce ai ga shi nan, irin maganar masu gandaye ce, ƙasa za ta mutu. Malam Shafi'u ya yi dariya ya ce shi kam bakinsa a ɗaure yake, tunda daga harajin ake ba shi fansho, in an ba shi.

Manu bai taɓa sa baki ba. Da zarar an ambaci kalmar, sai ya tashi ya koma bayan rumfa yana jera tayoyin da ba sa buƙatar jeri. Ranar da matasa suka zo rataya ƙyallen a jikin rumfarsa, ya hana su. Lawal ya zo da kansa ya tambaye shi ko gwamnati ce ta saye shi. Manu ya dube shi ya ce, "Ciyaman, ku yi rigimarku, ina bayanku. Amma ku nemi wata kalmar." Lawal ya tafi yana cewa tsufa ya sa Baba Manu tsoro.

Aka sa ranar yajin aiki. Motoci suka tsaya jere tun daga tasha har kusa da shinge, Lawal ya hau bodin wata a-kori-kura yana jawabi. Cikin taron akwai wani baƙo da ya tsallako daga Ɗan Isa da safen nan, matashi ne da bai fi shekara talatin ba, da farar shadda da rawani da tabarau, waya a hannu. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya tafa inda ake tafawa. Da Lawal ya sauko, baƙon ya nemi a ba shi dama. Ya ce sunansa Abdulfatah, ya yi karatu a Yamai, yanzu yana kasuwancin dabbobi. Ya ce a wajensu ma haka abin yake, lanho ya yi yawa, wato harajinsu na can, kuma mutum ba ya kai raƙumi kasuwa sai an tatse shi a hanya. Ya ce su ma an mai da su bayi a ƙasar kakanninsu. Aka yi masa tafi sosai. Lawal ya rungume shi, ya sa aka haɗa masa shayi da ƙwai.

Da baƙon ya gama sha, sai ya tambaya ina zai sami Manu mai faci. Lawal ya raka shi da kansa, wasu suka biyo su don baƙon ya burge su.

Manu yana tsugune yana ɓare taya da ƙarfe. Da ya ɗaga kai ya ga fuskar baƙon, ƙarfen ya suɓuce daga hannunsa. Ya cire hula, ya zame takalmansa, ya durƙusa gwiwa biyu a kan ƙasar da ta sha baƙin mai, ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya isa ya haifi kamar Abdulfatah ke nan. Abdulfatah bai miƙa masa hannu ba.

Ya ce, "Manu, ka kwana biyu ba ka zo ba."

Ba Baba, ba Malam, sunan kawai. Mutanen da ke tsaye suka dubi juna. Manu ya ce, "Ranka shi daɗe, rufe iyaka ne, sannan ciwo. Ba ƙin zuwa na yi ba."

Lawal ya ɗauka bashi ne. Ya ce wa baƙon in wani abu ne ake bin Baba Manu a faɗa, tasha za ta san yadda za ta yi, amma a bar dattijo ya tashi. Abdulfatah ya yi murmushi ya ce ba bashi ba ne irin wanda suke tunani. Ya yi bayani a natse, kamar mai faɗin farashin kaya. Ya ce mahaifinsa ya rasu bara, an raba gado, kuma Manu da abin da ya haifa sun faɗo a rabonsa. Ya ce mahaifinsa ne ya bar Manu ya taho neman abinci shekarar yunwa, bisa sharaɗin ya riƙa kawo murgunsa duk kaka, kuma bai taɓa saɓawa ba sai yanzu. Ya ce ya kuma ji labarin za a aurar da 'yar Manu, to sadakinta a al'adarsu na ubangiji ne, shi ya sa ya ga gara ya zo da wuri a yi komai cikin mutunci.

Mai shayi yana riƙe da buta a sama, ruwan yana zuba a kan tebur bai sani ba. Lawal ya juya ya dubi motarsa da ke ajiye a gefen rumfar, ga jan fentin nan a bayanta, sannan ya dubi Manu a durƙushe. Malam Shafi'u, da ya iso a makare, ya sa aka maimaita masa abin da baƙon ya ce, da aka maimaita sai ya nemi benci ya zauna.

Da abin ya gama shiga kunnuwa, sai taron ya rikice. Matasa suka yi kan Abdulfatah, wani ya fizge masa tabarau. Wanda ya shiga tsakani Manu ne. Ya rarrafa ya tare gabansa, ya buɗe hannuwa yana roƙo don Allah kada a taɓa shi. Ya ce in aka zubar da jinin baƙon a nan, ƙanwarsa Fati ce za ta biya a can. Wannan ne karo na farko da kowa a Magama ya ji Manu yana da ƙanwa.

Aka kai maganar zauren mai unguwa, aka kira liman. Labari ya riga ya isa gida. Zulfa ta fito ko mayafi ba ta gyara ba, Ummusalma ta baro asibiti da farar rigarta. A zauren ne Manu ya faɗi abin da ya ɓoye shekara arba'in. Ya ce kakarsa tana yarinya aka ɗauke ta a bakin rijiya, a wani gari da ita kanta ta manta sunansa. A gidan su Abdulfatah aka haifi uwarsa, a can aka haife shi, yana jan ruwa yana kiwon raƙuman da ba nasa ba tun yana iya tafiya. Ya ce tun yana ƙarami ake gaya musu cewa bawan da ya gudu daga ubangijinsa ba a karɓar sallarsa. Ya ce shi ya sa bai taɓa fashi ba. Rabi don Fati, rabi don kada ya mutu da sallar da ba ta hau ba.

Zulfa ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi kawai, "Malam, daddawar da nake ƙullawa, su suke ci?" Ya ce su suke ci. Ta sa hannu ta rufe bakinta.

Abdulfatah bai ga laifinsa ba, kuma abin da ya fi girgiza mutane ke nan. Ya ce shi bai taɓa dukan kowa ba. Ya ce gidansu ne ya ciyar da dangin Manu tun kaka da kakanni, kuma in fari ya zo ba a korarsu. Ya ce in duk irin su Manu suka ce sun tafi, wa zai ja ruwa, wa zai kula da dabbobi, ai garin ne zai mutu. Ya ce in kuma ana son a raba gari, to a biya shi diyya, Manu ya fanshi kansa da 'ya'yansa, shi ba zai tsawwala ba. Malam Shafi'u yana gefe yana sauraro. Daga baya ya gaya wa Lawal cewa shekara talatin yana rubuta waɗannan maganganu a allo a matsayin abin da mutanen da suka mutu suka faɗa, bai taɓa zaton zai ji su daga bakin mai waya a hannu ba.

Da aka ambaci fansa, direbobi suka fara cewa a yi karo-karo a sallame shi ya tafi. Niyyarsu mai kyau ce. Ummusalma ce ta hana. Ta miƙe a gaban mazan nan duka, muryarta ba ta tashi ba, ta ce, "Ku yi haƙuri, iyayena. In kuka ba shi ko kwabo, kun yarda ke nan ubana kaya ne. Ba za a sayi Baba ba, ko da don a sake shi ne."

Liman ya goyi bayanta. Ya juya wajen Manu ya yi masa magana a hankali, ya ce yarinyar da aka sace a bakin rijiya 'ya ce ba baiwa ba, abin da ta haifa ɗa ne, kuma wanda ya sace ta shi ke da tambaya a gaban Allah. Ya ce sallar Manu tsakaninsa da Ubangijinsa take, ba ta bi ta hannun wani mahaluki. Manu ya tambaya ko har da ta shekara biyun nan da bai je ba. Liman ya ce har da ita. Manu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka riƙa girgiza. Mai unguwa kuma ya gaya wa Abdulfatah cewa abin da ya zo nema laifi ne a dokar ƙasar nan, laifi ne kuma a dokar ƙasarsu, kuma in ya sake taka Magama da wannan magana hukuma zai miƙa shi. Aka mayar masa da tabaransa, aka raka shi har shinge don kada wani ya taɓa shi. Ya tsallaka yana waige, fuskarsa ta mai mamakin yadda garin da ya tafa masa da safe ya juya masa baya da azahar.

Abin bai ƙare a nan ba. Saurayin Ummusalma, Zubair, malamin makaranta ne, an riga an sa rana. Kwana kaɗan bayan haka baffanninsa suka aiko cewa a ɗan dakata. Ba su faɗi dalili ba, amma kowa ya sani. Ɗaya daga cikinsu direba ne a tashar, yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya ranar yajin aiki, kuma har lokacin rubutun yana bayan motarsa. An ji shi yana cewa shi ba ya ƙin Manu, mutumin kirki ne, amma asali asali ne, kuma jikoki za su tashi a yi musu gori. Da maganar ta isa kunnen Lawal, ya same shi a gaban mutane ya tambaye shi, shi da yake kukan an mai da shi bawa, me ya sa yake gudun 'yar wanda aka mayar da gaske. Mutumin ya ce waccan magana ce ta siyasa, wannan kuma ta aure. Da yamma aka ga Lawal da tsumma da fetur yana goge bayan motarsa.

Zubair bai janye ba. Ya gaya wa mahaifinsa cewa in ba Ummusalma ba to ba kowa, mahaifin ya yi ta jan ƙafa har ya gaji ya yarda. An ɗaura auren bayan ƙaramar salla maimakon kafin azumi. Wasu daga dangin ango ba su zo ba, amma tasha ta zo kaf, har da masu yankar tikiti biyu da suka saba kawo wa Manu babur. Da aka miƙa sadaki, waliyyi ya ba Manu ya kai wa 'yarsa, ya riƙe shi a hannu ya daɗe yana kallo kafin ya shiga gida.

Yajin aikin kuwa ya watse bayan an zauna da wakilan masu karɓa. Aka soke sabon tikitin, bayan wata biyu ya dawo da wani suna. Har yanzu ana muhawara a rumfar mai shayi. Lawal yana nan a kan bakansa cewa zalunci ne a karɓa ba a gani a ƙasa ba, kuma ba wanda ya ce masa ƙarya yake yi. Malam Shafi'u ya rage yawan kawo misali da zamanin da. In an matsa masa, sai ya ce bai tabbata ba kuma wane ne zamanin da.

Saura Fati. Ummusalma ta sami wata ƙungiya a Maraɗi da ke bin irin waɗannan shari'o'i, Lawal ya ba da motarsa da kansa. Manu bai je ba, likita ya hana, kuma shi ma ya ce ƙafarsa ba za ta iya ba. Zuwan farko Fati ta ƙi biyo su. Ta ɓuya a bayan bukka, ta ce ba ta san su ba, kuma wa zai shayar da awaki in ta tafi. Sai a zuwa na biyu, da jami'ai, da saƙon muryar Manu a waya yana kiranta da sunan da uwarsu take kiranta, sannan ta shiga mota da jikarta ɗaya. 'Ya'yanta maza suka ce su suna nan tukuna, sai sun ga yadda ta kaya.

Tana gidan Manu yanzu, a ɗakin da Ummusalma ta bari. Ta girmi shekarunta nesa ba kusa ba, tafin hannunta kamar fatar taya saboda igiyar guga. Zulfa ta daɗe ba ta yi wa mijinta magana mai tsawo ba, amma Fati ta karɓe ta hannu biyu. Da farko Fati ba ta cin abinci sai kowa ya gama, sannan ta kwashe kwanuka ta koma bayan ɗaki ta kankare ƙanzo. Sai da Zulfa ta riƙa ajiye kwano a tsakaninsu tana naɗe hannu, ta ce ita ma ba za ta ci ba, sannan Fati ta fara sa hannu.

Da damina Manu ya sayo mata akuya mai ciki a kasuwar Lahadi, don ta sami abin da za ta riƙa kulawa. Akuyar ta haifi biyu. Fati ta goge su, ta gyara musu wuri, sannan ta zo ta tsuguna a bakin murhu inda Zulfa take tuƙa tuwo. Ta tambaye ta a hankali, 'yan awakin nan wa za a kai wa.

Zulfa ta ce, "Ba wanda za a kai wa. Naki ne, Fati. Uwar taki ce, 'ya'yan naki ne."

Fati ta zuba wa wuta ido. Can ta sake matsowa, ta rage murya, ta tambaya ko an gaya wa Manu haka, kuma ko ya yarda.